Ɗan Tudu a Tekun Tsofaffi

Da ƙarfe Boram ta fara gaida Junmo. Ƙarfen nan mai lanƙwasa da matan nutso ke ƙwaƙulo dodon koɗi da shi daga ramin dutse, shi ta sauke masa a bayan hannu tun ba ta san sunansa ba.

Kwanansa uku ke nan a tsibirinmu na Jeju. Hutu ya ɗauko daga Cheongju, can tsakiyar ƙasa inda babu teku ko na magani, inda yake gyaran lif a dogayen benaye. A gidana ya sauka, don ina ba masu yawon bakin teku hayar ɗakuna biyu. Kullum da safe ya saɓa jaka ya bi hanyar ƙafa da ta zagaye gaɓa, ya dawo da yamma a jiƙe ko a ƙone, gwargwadon abin da sama ta ga dama. Sanyin halinsa har ya so ya yi yawa. Irin mutumin nan ne da in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri.

A ranar teku ta janye, rana ta fito tas. Ya gangara wani lungu mara zurfi, ya ga dodon koɗi manne da duwatsu, ya cire hula ya hau tsinta kamar mai ɗiban lemu a gonar ubansa.

Bai ji fitowarta daga ruwa ba. Zafi kawai ya ji, hular ta faɗi.

"Ɓarawo! Uban wa ya ba ka?"

Ya ɗago ya ga budurwa cikin baƙin kayan roba, gilashin nutso a goshi, ruwa na zuba daga gashinta, idanun nan jajur saboda gishiri da fushi. Jini na bin yatsunsa, amma gogan naku sai ya tsaya kallo.

"Ki yi haƙuri. Na ɗauka na kowa ne."

"Na kowa? A garinku in ka ga kaza a titi kamawa kake yi? Nan tekun tsofaffi ne. Mu da muke da ƙarfi ba ma taɓa ko ƙwaya ɗaya a nan, mun bar wa waɗanda numfashinsu ya gajarta. Kai kuma ƙato da kai, ka zo ka kwashe abincin tsohuwa 'yar shekara tamanin da shida a hula!"

Ta tsaya a kansa da ƙarfen sai da ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ramin da ya ciro shi. Yana ajiye na ƙarshe gari ya rufe, iska ta juyo daga gabas, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Haka sararinmu yake, ba ya sallama.

Ta ja shi da hannun riga zuwa zagayen duwatsun da matan nutso ke jin ɗumi a ciki. Sauran matan sun riga sun tafi, saura garwashi. Ta duba hannun, ta ja tsaki, ta yage gefen tawul ɗinta ta ɗaure.

"Zai yi tabo," in ji ta.

"Madalla. Kowa da tsarabar da yake komawa da ita."

Ta so ta ɗaure fuska, dariyar ta ƙwace mata. A nan dai aka yi musayar suna da lambar waya, wai don ta ji ko hannun ya kumbura.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Malama Guguwa, hannun bai kumbura ba. Ƙirjin ne dai ban gane masa ba tun ɗazu."

Ta amsa: "Ka sha ruwan zafi, ɓarawon tsofaffi. Gobe ba ma shiga ruwa. In kana son ganin hanyar da 'yan yawo ba su sani ba, ka same ni a gindin fitilar jirage ƙarfe tara. Kada ka zo da hula."

Daga baya ita da kanta ta nuna mini saƙonnin, tana rufe fuska.

Mako guda ya zama biyu. Junmo ya buga wa maigidansa waya ya haɗa da hutun baɗi. Duk ranar da igiyar ruwa ta hana nutso, sai ka hango su a kan gaɓa, ita a gaba tana tsallake baƙaƙen duwatsu kamar akuya, shi a baya yana rarrafe. Su fita da rana, ƙanƙara ta kore su cikin rumfar masunta, su fito hazo ya rufe su har ba sa ganin ƙafafunsu. A cikin irin hazon nan ne ya fara riƙe hannunta, wai tsoron faɗawa yake ji.

"Ƙarya kake yi," ta ce.

"Ƙarya nake yi, Guguwata. Amma kada ki saki."

Ba ta saki ba.

Wata rana suna zaune a kan tudu suka hango Samchun Okhwa, tsohuwar da ta fi kowa shekaru cikin masu nutso, tana fitowa daga tekun tsofaffi da raga kusan wayam. Samchun muke ce wa duk wanda ya isa ya haife ka, mace ko namiji. Tana tafe tana dafa duwatsu.

"Idonta ya mutu," in ji Boram a hankali. "In muna fitowa tare, kowace takan zura hannu ta jefa mata biyu ko uku a raga. Ba a faɗa, ba a kallon juna. In ka bari mutane suka sani, ka ci mutuncinta, gara ma ka bar ta da yunwa."

Maganar ta zauna wa Junmo a rai.

Soyayya ba ta ɓuya a ƙauye mai gida saba'in. Maganar ta isa kunnen Malsun, uwar Boram, shugabar matan nutso, mace mai murya kamar ƙahon jirgi. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, kuma ina faɗa a gabanta: ba ta da sauƙi ko na sisi. Suna cin abinci ita da Boram ta dire cokali.

"Ɗan tudu ko? Wanda ya zo hutu?" Ɗan tudu muke ce wa duk wanda ya ƙetaro teku ya zo tsibirinmu.

"Omma, ba ki ma gan shi ba," in ji Boram. Omma muke kiran uwa a nan.

"Na gan shi shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Jaka a baya, baki da zaƙi, yana cewa teku ta sace masa zuciya. Ubanki ke nan. Sanyi na biyu ya ce zai je gaida mahaifiyarsa, har yau yana hanya."

"Wannan daban ne."

Malsun ta ɗauki kwanon miyar ta maka da bango. "Muddin ina numfashi, ɗan tudu ba zai zama surukina ba. Ga Pilgu nan, ɗan gari, da jirginsa, shekara uku yana jira."

Pilgu shi ne mai jirgin da ke kai matan can cikin teku. Ƙaton gaske ne, wuya kamar turmi, kuma tun yana yaro na tsane shi, don na taɓa kama shi yana jifan karena da dutse yana dariya. Ya riga ya gama yanke wa kansa cewa Boram tasa ce, ita kuwa ko gaisuwarsa da ƙyar take amsawa. Kuskuren da ta yi ɗaya ne: ta ba matan labarin hular nan a cikin jirgi don a yi dariya, Pilgu yana riƙe da sitiyari yana ji.

A makon nan ne Samchun Okhwa ta fara fitowa da raga cike. Ta bi gari tana shela cewa idonta ya dawo, har ta ce wa Malsun ta yi hankali da kujerarta. Kowa ya taya ta murna. Ni kuma na lura baƙona yana fita tun gari bai gama wayewa ba, ya hau motar farko, ya dawo da wando jiƙe. Na ɗauka wajen yarinyar yake zuwa, na kama bakina.

Ranar Alhamis da sassafe iska ta tashi, an ce guguwa na tafe daga kudu. Pilgu da abokansa biyu sun fito duba igiyoyin jirgi, suka hango mutum tsugune a tekun tsofaffi, ruwa har gwiwa, bokiti a gefensa rabi cike da dodon koɗi.

Ko tambaya ba su yi ba. Pilgu ya sauke masa gorar tura jirgi a gadon baya, Junmo ya kifa cikin ruwa. Suka ɗago shi da gashi suka danna kansa, suka ɗago, suka sake dannawa. Suka jawo shi kan duwatsun nan masu kaifi kamar wuƙa suna ƙwallo da shi. Na ji ihun daga tsakar gidana, na fito ko takalmi babu. Kafin in isa sun ja shi a ƙasa har ƙofar ɗakin matan nutso, rabin gari ya taru.

"Ga ɓarawonku!" Pilgu ya dire bokitin. "Na hula bai ishe shi ba, yanzu da bokiti yake zuwa. Yana yi wa 'yarku daɗin baki da rana, yana kwashe tekun tsofaffinku da asuba!"

Boram ta keto mutane. Ta kalli bokitin, ta kalli Junmo. Ido ɗaya ya rufe, haƙori ya fita, jini na dalala a rigarsa.

"Naka ne bokitin nan?"

Ya ɗaga kai.

"A tekun tsofaffi suka same ka?"

"E."

"To faɗa mini dalili. Junmo, ka ce wani abu!"

Ya buɗe baki. Ya dubi matan da suka zagaye shi, su fi talatin, da 'yan kasuwa da direban mota. Sai ya rufe bakin, ya sunkuyar da kai. Na ji kamar in shaƙe shi don haushi.

Boram ta kwaɗa masa mari a kan kumburin. Ta ce, "Ashe Omma ta fi ni ido." Ta juya ta tafi. Malsun ta tofa yawu a gefensa. Pilgu ya ƙara masa shuri ɗaya a haƙarƙari, har sai da muka ji ƙas. A nan na ɗauki tsintsiyar ƙofa na rufe Pilgu da duka, ina tsine masa da duk wanda ya tsaya kallo. Ni da direban muka kinkimi yaron zuwa asibiti.

Haƙarƙari uku sun karye. A kan gadon ya roƙe ni in riƙe masa wayar ya rubuta da yatsa ɗaya:

"Guguwata, ban ɗauki komai ba. Ba zan iya faɗa a gaban mutane ba. Ki zo ke kaɗai."

Amsar ta zo nan take: "Kada ka sake kirana da sunan nan. In an sallame ka, ka hau jirgi." Daga nan ta kashe wayar.

Ya juya fuska bango. Namiji ne, amma na ga kafaɗunsa na girgiza.

Washegari guguwar ta fara taɓa mu. Jirage sun tsaya, na sama da na ruwa. Iska na ɗaga kwanon rufi tana yawo da shi. Na je gidan Malsun in zazzage mata abin da ke cikina, na tarar da Boram kwance ta juya baya, kwana guda ba ta sa komai a baki ba. Ban kai ga fara masifar ba aka banko ƙofa. Samchun Okhwa ce, jiƙe sharkaf, da sanda. Jiya tana birni wajen 'yarta, sai yau labarin ya same ta.

Ta zube abu biyu a kan tabarma. "Malsun, shugabar masu nutso. Duba nan."

Dodon koɗi ne guda biyu. Ɗaya mai ƙahoni zaƙo-zaƙo, ɗaya sumul.

"Wanne ne na tekunmu?"

"Mai ƙaho mana, Samchun. Ruwanmu da ƙarfi, sai da ƙaho suke riƙe dutse."

"To wannan sumul ɗin daga bokitin yaron na ɗauko shi, kuma duk bokitin haka yake. Na tekun kudu ne, inda ruwa ke kwance, irin wanda ake sayarwa a kasuwar safe. Mata talatin kun tsaya a kan bokiti, ba wadda ta sunkuya ta duba! Ni makauniya da hannu na gane." Ta buga sandar a ƙasa. "Kwana shida ina tsintar irinsa a lunguna, an jera mini su a inda hannuna ke kaiwa. Kun ɗauka ban sani ba? Na sani sarai. Na ɗauka ɗaya daga cikinku ce, na yi ta cika baki don mai yin ta ji daɗi. Ashe baƙo ne yake hawa mota ya sayo ya zuba. Kuka karya shi, ya yi shiru don kada gari ya yi wa tsohuwa dariya."

Boram ta tashi zaune a hankali. Ta kalli tafin hannunta na dama. Sai ta miƙe, ta zari ƙarfenta daga jikin ƙusa ta fita cikin ruwan.

Muka bi ta, amma ina! Kafin mu isa tashar jirage ta riga ta haye jirgin Pilgu, yana ciki yana ƙara igiya. Gilashin gaba ta fara tarwatsawa, ta bi fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ya taso ya damƙi gashinta ya buga ta da jikin ƙofa, goshinta ya fashe. Ta juyo ta cije shi a hannu har sai da ya yi ƙara, ta sauke masa ƙarfen a gwiwa.

"Ka duba bokitin?" take ihu. "Ka duba kafin ka doke shi?"

"Ko na duba sai na doke shi! Ke tawa ce!"

Ya ɗaga hannu zai naushe ta. Bai ga Malsun ba. Ta ɗauki gorar nan tasa, wadda ya doki Junmo da ita, ta shimfiɗa masa a ƙeya da ƙarfin macen da ta shekara arba'in tana jan raga. Ya tafi taga-taga ya faɗa tsakanin jirgi da bango. Da mun bar shi da jirgin ya matse shi. Ni da Malsun da Boram muka jawo shi da ƙugiya, ni kam ba da son raina ba. A ranar matan suka yanke cewa ba mai sake taka jirginsa, kuma 'yan sanda suka zo suka yi nasu.

Da jinin a goshi Boram ta isa asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga.

"Wa ya taɓa ki?" Abin da ya fara tambaya ke nan, yana ƙoƙarin tashi.

Ta durƙusa gefen gadon ta fashe da kuka. "Na mare ka. Kana zubar da jini na mare ka. Me ya sa ba ka faɗa ba, wawa?"

"Ke kika ce ba a faɗa."

"Kuma wa ya ce maka haka ake yi? A raga ake jefawa, biyu ko uku! Ba a zuwa da bokiti!"

"Ban iya ruwa ba, Guguwata. Iyakacin inda ƙafata ke kaiwa ke nan."

Tana kuka tana dariya. Ya kama hannun da ya mare shi ya ɗora a kumatunsa.

"Ki aure ni, Boram. Dukanki ma na fi son sa da gaisuwar wata."

"Zan aure ka. Amma sai Omma ta yarda. Ita kaɗai ta raine ni, ba zan tsallake ta ba ko da zan mutu ban yi aure ba."

Malsun ta zo da kanta, da tukunyar kunun shinkafa. Ta rusuna ta ba shi haƙuri a gaban kowa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Da ya ɗauko maganar aure kuwa sai fuskar ta koma dutse.

"Kai mutumin kirki ne, na yarda. Ubanta ma mutumin kirki ne lokacin zafi. Hutu ka zo, yaro. Ka warke ka koma gida."

Ya koma. Malsun ta ce, "Kun gani ko?" Boram ta rame har kayan nutsonta suka yi mata yawa. Bayan mako biyar, ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata. Junmo ne da akwati biyu da jakar kayan aiki. Ya ajiye aikinsa na Cheongju, ya sami na gyaran lif a otal-otal ɗin birninmu.

A nan garin, in mata za su fito daga nutso, mazan gida ke jiransu a kan duwatsu. Raga cike kuma jiƙe takan kai nauyin mutum, ga mace ta yi awa huɗu tana riƙe numfashi. Miji ko ɗa ko suruki shi ke karɓar igiyar ya ja. Bare ba ya taɓawa. Malsun kuwa tun tafiyar mijinta ba namijin da ya taɓa igiyarta. Ita ke jan tata, ta ja ta 'yarta.

Junmo ya nemi aikin yamma don ya sami safiya. Duk ranar nutso yana kan duwatsu cikin mazan gari, da butar shayi a hammata. Ranar farko da ya miƙa hannu ga igiyar Malsun, ta daka masa tsawar da ta sa tsuntsaye tashi. Rana ta biyu ta ture shi ya zauna cikin ruwa. Bai fasa zuwa ba. Sanyin bana kuwa ya yi mugunta, iska na yanka fuska, leɓɓansa suka tsattsage, yatsunsa suka yi baƙi. Wata uku yana tsaye, Malsun na wuce shi kamar turke.

Saƙon Boram na wata ranar: "Masoyina, gobe kada ka zo. Tarin nan naka ya hana ni sukuni."

Ya amsa: "Ranar da ban zo ba ita Omma ke jira. Zan zo da riga biyu."

Ƙarshen wata na ukun ne abin ya faru. Sun shiga ruwa teku kwance kamar tabarma. Kafin azahar iska ta juya, sama ta yi baƙi ƙirin, igiyoyin ruwa suka fara dukan gaɓa suna tashi sama da kan mutum. Matan suka yi ta fitowa a gigice, mazansu na fizgo su. Boram ta fito da ƙyar, gwiwa a fashe. Malsun ce ta ƙarshe, don shugaba ba ta fita sai ta ƙirga kowa.

Ta iso bakin dutsen da raga cike maƙil. Ta kafa ƙafa za ta hau, igiyar ruwa ta ɗauke ta ta maka da dutse. Ta sake yunƙurawa, ragar ta ja ta baya. Jini ya ɓalle mata a hanci.

"Omma, saki ragar!" Boram ke ihu, mata biyu na riƙe da ita. "Ki sake ta!"

Wa ya ga Malsun ta saki raga? Mazan suka matso suka tsaya cirko-cirko, kowa na tsoron bakinta ko a bakin mutuwa.

Junmo ya sauka. Mutumin da bai iya iyo ba ya shiga har ƙirji, ya soka ƙafa ɗaya a tsagin dutse. Ruwa ya rufe shi, ya bayyana, ya sake rufe shi. Bai kama ta ba, bai fizgi igiyar ba. Hannu kawai ya miƙa, a buɗe, ya tsaya yana jira, ruwa na dukansa a kan haƙarƙarin da Pilgu ya karya.

Malsun ta dube shi. Wata igiyar ruwan na tasowa a bayanta kamar gini. Ni dai na rufe ido.

Da na buɗe, igiyar ragar na naɗe a hannun Junmo, ɗaya hannun na riƙe da ɗamarar Malsun, mazan gari sun yi sarƙa suna jan su duka. Aka zube su a kan dutse suna aman ruwan gishiri. Tafin hannunsa ya saɓule, ragar kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba.

Malsun ta daɗe a kwance tana haki. Sannan ta ɗago ta dubi mazan da suka zagaye su.

"Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin suruki ya ja wa uwar matarsa raga ba?" Ta juya gare shi. "Kai kuma tashi ka kai ta ma'auni, surukina. Ka tsaya kana rawar sanyi kamar ɗan tsako."

Boram ta kurma ihu ta faɗa kansu su biyun. Ni ma na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Da furanni suka buɗe aka ɗaura auren. Kwana uku ana biki, aka yanka aladu, tukwanen miyar ganyen teku ba su sauka daga wuta ba. Iyayen ango suka zo daga Cheongju, mahaifiyarsa na riƙe da siket saboda iska. Da safe rana, da azahar ruwa ya kore mu cikin rumfa, kafin la'asar rana ta sake fitowa.

Da ango da amarya suka durƙusa gaida iyaye, Malsun ta kama hannuwansu ta haɗa. Ba mu taɓa jin ta yi wa kowa addu'a da ƙarfi ba sai ranar.

"Boram, na fi shekara ashirin da biyar ina fitowa daga ruwa ba mai jirana. Ke ba za ki san wannan ba. Teku ta mayar masa da ke duk ranar da kika shiga, ku tsufa tare, ku ga jikoki." Ta goge ido da bayan hannu. "Kai kuma ɗana, ka zo hutu, ka sami gida. Zauna."

Junmo ya kai goshinsa ƙasa ya ce, "Na zauna, Omma."